Bazarar da Muka Hura wa Rijiya Iska

Kafin in shiga labari sai in nemi afuwa. Abin da zan faɗa ya faru tun zamanin Turawa, cikin shekarun babban yaƙin nan na biyu, kuma waɗanda suka fi ni saninsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Akwai wuraren da ni kaina ban tabbata ba, ko idona ne ya gani, ko kuwa yawan jin abin a bakin manya ne ya sa ya zame mini kamar gani. Na daɗe ina koyarwa, na yi digiri da furfura a kaina, kuma babban abin da karatun ya bar mini shi ne tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Saboda haka inda nake shakka zan ce ina shakka.

Bazarar bana ce ta tono mini zancen. Zafi ya kai matuƙa, burtsatsen unguwarmu ya tsaya don babu man da za a zuba wa inji, 'yan ga-ruwa suna ta kai da kawowa da kura. Wata rana da la'asar aka kawo wuta, na kunna talabijin, sai na tarar wata tasha tana nuna tarihin haƙar man fetur a wani birni da ake kira Baku, a ƙasar Azarbaijan. Cikin tsofaffin hotunan da suka sa sai ga wani mutum ana zura shi cikin rami da igiya, wasu biyu a bakin ramin suna ta danna wani abu mai kama da zugazugi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na taɓa ganin wannan hoto, ko mai kama da shi, a jikin farin ƙyalle a garin Gaya, ina saurayi.

Mu asalinmu Barebari ne, amma kakanninmu sun daɗe da zama a wani ɗan ƙauye kusa da Toranke, a ƙasar Ajingi ta yanzu. A lokacin dai duk wata hulɗa ta hukuma ko ta babbar kasuwa Gaya muke zuwa. Gidajen ƙauyen ba su da yawa, rijiya kuma ɗaya ce, kakana ne ya haƙa ta tun kafin a haifi mahaifina. Ya rasu ya bar kakata, Ya Falmata (“Ya” a bakin Barebari uwa ke nan), da 'ya'ya maza biyu: mahaifina, da muke kira Baba, da ƙanensa Baffa Modu. Baba mutum ne mai auna magana kafin ya faɗe ta. Baffa Modu kuwa bakinsa ba ya hutawa, kuma shi ya gaji haƙar rijiya da yasarta.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Gyaɗa, wadda aka matsa mana mu noma saboda yaƙi, tun da kaka aka kwashe ta. Kananzir ya ɓace a kasuwa, gishiri sai gidan wane da wane, mu miyarmu da ruwan toka ake ɗaure ta. Da bazara ta shigo tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai kunun dusa, ko busasshiyar tafasa da aka jiƙa aka kwaɗanta da ɗan abin da ya samu. Yara suna yini suna gwigwiyar goruba har bakinsu ya yi ja.

Duk da haka yunwar ba ta kai ƙishirwa ba. Rijiya ta fara ba da rabin guga, ta koma ba da laka, daga baya guga ya riƙa dawowa a bushe da ɗan yashi a gindinsa. Mata suka koma tafiya wani busasshen rafi mai nisa. Tun kafin asuba suke fita, su tona yashi da hannu, su zauna suna jiran ruwa ya tsatso su kwasa da ƙoƙo, ba sa dawowa sai rana ta take. Ruwan tulu ɗaya sai ya yi aiki uku kafin a rabu da shi, ƙasarin da aka wanke hatsi ma na awaki ne. Manya suka koma taimama. Iska in ta buso sai ka ce daga bakin maƙera ta fito, ƙasa kuma ba ta takuwa da rana in ba da takalmi ba. Ba wani kore a daji sai gawo, shi ma duk an sassare shi an ba dabbobi, kuma bai hana awaki mutuwa ba. Da yamma hadari yakan haɗu a gabas, mu fito muna kallo, ya yi ta walƙiya, sannan ya watse ya bar mu da ƙura a ido.

Baffa Modu ya ce ruwa bai tafi ba, ƙasa ya yi, a bi shi. Ya fara ƙara wa rijiyar zurfi. Masu wannan sana'a suna da al'adu biyu da ya kamata in bayyana. Ta farko, kafin mutum ya shiga rijiya mai zurfi sai an zura fitila. In ta ci gaba da ci, ya shiga. In ta mutu, sai a ce mutanen ɓoye da ke ciki ba su yarda ba. Ta biyu, wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Dole ya yi ta magana ko waƙa, don na sama su san yana lafiya. Wannan ba ta taɓa yi wa Baffa wuya ba.

Wata safiya fitila ta yi ta lumshewa a ƙasa kamar za ta mutu, amma Baffa ya ce ai ba ta mutu ba, ya shiga. Yana cikin ba mu labarin wani jaki da ya taɓa saya, sai muryarsa ta yi nauyi, ta ɗauke. Aka ja igiya da gudu. Ya fito kansa a langaɓe, leɓensa ya yi baƙi. Sai da aka yayyafa masa ragowar ruwan gidanmu sannan ya buɗe ido.

A ranar Baba ya sa aka jera itace a bakin rijiya. Ya ce, “Ba mai sake shiga. Na binne uba, ba zan binne ƙane saboda rami ba.” Ya ce yana da ɗan'uwa a Gaya da ya yi mana tayin fili, za mu tashi kafin ruwa ya sauka. Kowa ya san in gidanmu ya tashi sauran gidajen ma binmu za su yi, don ba wanda zai zauna a wurin da mai rijiya ya gudu.

Ya Falmata tana zaune a gindin tsamiyar da mijinta ya dasa, tana kaɗi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ku sauka lafiya. Ni a bar mini tabarma da tulu ɗaya.”

Baba ya ce, “Ya, wa zai cika miki tulun?”

Ta ce, “Wanda yake cika shi tun ba a haife ka ba. Ubanku yana kwance a bayan garin nan, ni ba zan bar shi da kuraye ba.” Sannan ta juyo kaina, don tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. “Kai kuma mijin banza, ana shirin kwashe matarka kamar kayan jaki, kana tsaye ka saki baki.”

Ba wanda ya yi dariya. Mun san ta, in ta ce ba ta zuwa to ba ta zuwa, Baba kuma ba zai iya tafiya ya bar ta ba, ba zai iya zama ya ga yara suna ƙishi ba.

Duk da haka ya ce a je a ga filin. Muka tafi Gaya mu uku, shi da Baffa da ni. Mun isa muka tarar gari yana ta zancen motar majigi, wai da magariba za a nuna a fili. Baba bai so zuwa ba, mai masaukinmu ne ya ja shi. Aka kafa farin ƙyalle, aka tayar da inji, wani tafinta ya riƙe lasifika yana bayani. An fara da sojoji da jiragen sama, aka yi na noman gyaɗa, wanda mutane suka yi ta tsaki. Sai aka sa wani na wata ƙasa mai nisa, wadda tafinta ya ce daga can ake samun man da motocin yaƙi ke sha. Ya faɗi sunanta, ban riƙe ba. Shi ya sa ba zan rantse cewa Baku ce ba, ko da yake zuciyata ta fi karkata can.

Abin da na tuna shi ne ƙasa ce busasshiya, ba itatuwa, ga wani babban ruwa a gefe. Gidajensu masu shafaffen rufi kamar sorayenmu. Maza da gemu da dogayen huluna na gashin tumaki, ga raƙuma, ga amalanke mai manyan ƙafafu. Da aka nuna wata doguwar hasumiya sai fili ya ɗauki guna-guni, ana cewa ashe Musulmi ne. Daga nan aka nuna yadda suke haƙa a zamanin da: mutum a cikin rami, igiya a ƙugunsa, na sama suna hura masa iska ta wata doguwar mesa.

Tafinta ya ce, “Ku dubi wahalar mutanen da, kafin zuwan ilimi. Yanzu ku ga aikin inji.” Mutane suka yi dariya. Aka nuna dogayen ƙarafa kamar kurmi, baƙin abu ya yi tsiri sama, ma'aikata suna tsalle a ƙarƙashinsa. Fili ya kaure da tafi. Na waiwaya na ga Baffa Modu bai tafa ba, bakinsa a rufe, abin da ban saba gani ba.

Washegari a hanya Baffa ya ce, “Yaya, ka ga abin da na gani?”

Baba ya ce, “Na ga ƙarafan da ko hakimi ba shi da su.”

“Ba su ba. Na farkon, wanda aka yi wa dariya. Mutumin nan raminsa ya fi nawa zurfi, kuma bai suma ba. Numfashi ake aika masa daga sama.”

“Hoto ne, Modu. Ka san ko bayan an kashe inji gawarsa aka ciro?”

“To a gwada da fitila. Ita ba ta da uwa balle ta yi kuka.”

Sai da muka hango tsamiyar gidanmu Baba ya juyo wajen Baffa. Ya ce, “In fitila ta ci a ƙasa har aka yi sallar azahar aka idar ba ta mutu ba, ka shiga. In ta mutu, ka rufe bakinka ka ɗaure kaya.”

Ya Falmata ta sa muka ba ta labarin majigi daga farko har ƙarshe. Da aka zo wajen haƙa ta ajiye mazari ta ce, “To da suka gama wannan wahala me suka samu?”

Baffa ya ce, “Wani baƙin ruwa ne ya yi tsiri har sama, ya jiƙe su sharkaf, suna ta tsalle.”

“Baƙi?”

Na ce, “Kaka, ba ruwa ba ne. Mai ne, irin wanda mota ke sha. Shi suke nema da ma.”

“Mutum yana shan sa?”

“A'a.”

“Ana alwala da shi?”

“Ba a yi.”

Ta girgiza kai ta ce, “Bayin Allah. Ƙasa ba itace, ga zafi, su yi wannan haƙa su tarar da ruɓaɓɓen ruwa. Kai yaro ne, ba ka san tsallen baƙin ciki ba.” Na yi ta ƙoƙarin fahimtar da ita, ta ce ba mai hankalin da zai shiga rami da ransa don abin da ba a sha. Tun daga ranar, in ta idar da salla tana jera addu'a, bayan mijinta da iyayenta sai mu ji ta ce, Allah ka ba mutanen majigi ruwa.

Maƙerin ƙauyenmu Ɗanladi ne, abokin Baffa tun suna yara, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da Baffa ya gama kwatanta masa, ya ce, “Wato ni da nake hura wa ƙarfe wuta, yau Babarbare zan hura wa? In ka yi ja sai in ɗora ka a uwar maƙera in ƙera fartanya.”

Baffa ya ce, “Fartanyar da za a yi da ni ta fi waɗanda kake sayar mana, masu lanƙwashewa in sun ga ciyawa.”

Sai dai tun a yammacin ya kwance zugazugansa ya kawo bakin rijiya. Mesa ce ta ba mu wuya. Abu ɗaya da bazarar ta bar mana da yawa shi ne fatun awakin da suka mutu. Kowane gida ya kawo nasa. Aka jiƙa su da ɗan ruwan da mata suka rage daga na sha, aka yanka, aka ɗinka doguwar mesa kamar hanji, aka riƙa cusa zoben itacen geza a ciki don kada ta manne, aka toshe ɗinkin da ƙaro. Wari kuwa ba a magana. Ban san kwana nawa muka yi a kai ba, na dai tuna yatsuna duk sun farfashe.

Ranar gwaji sai aka rasa man fitila, don wanda Baffa ke amfani da shi ya ƙare, kananzir kuma babu. Ya Falmata ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙoƙon man shanun da take shafa wa faso, wanda ko a miya ba ta yarda a taɓa ba. Ta miƙa wa Baba, ta ce, “Ungo. Ƙafar da ba za ta je Gaya ba, me za ta yi da mai?”

Aka zura mesa, aka zura fitila, ni da Ɗanladi muka kama zuga. Liman ya ja salla a nan kusa, mu biyu aka ce mu yi tamu daga baya. Ina zuga ina leƙe. Can ƙasa wutar ta yi ƙanƙanta kamar ƙwayar gero, ta kwanta, ta tashi. Da aka yi sallama Baba ya zo ya durƙusa a bakin rijiya ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya kwance igiyar da kansa ya ɗaura wa ƙanensa a ƙugu, ya ja ƙullin ya sake ja.

Ni ban san ko a ilimance iskar zugazugi ta isa ta yi abin da muka ɗauka ta yi ba. Na tambayi wasu masana daga baya, wani ya ce mai yiwuwa, wani ya ce da wuya. Abin da na sani shi ne fitila ta daina mutuwa, Baffa kuma ya daina suma.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Da sanyin safiya ake farawa, a tsaya in rana ta yi tsaka. Maza suna karɓa-karɓa a zuga da jan ƙasa, mata in sun dawo daga rafi su kawo mana kunu. Hannuna ya kumbura har ba na iya ɗaga shi in kai loma. Baffa kuwa yana ƙasa yana ta zuba, muryarsa tana fitowa kamar daga cikin tulu. “Ɗanladi, wannan iskar taka warin bunsuru take yi.” Ɗanladi ya ce, “Naka ne yake komo maka.” Ƙasar da ake fitarwa ta tashi daga ja ta koma fara, amma a bushe. Baba ya fara tattara kayan tafiya a zaure.

Ran nan da hantsi, Baffa yana tsakiyar zagin kakan Ɗanladi, sai ya yi shiru. Ɗanladi ya ce, “Ƙarasa mana.” Ba amsa. Muka ƙara ƙarfin zuga har fatar tana kuka. Baba ya kira, “Modu.” Shiru. Ya kama igiya ya ce a ja. Ya Falmata ta taso daga gindin tsamiya, abin da ba ta yi ba tun da aka fara aikin.

Sai muryar ta fito a hankali. “Yaya, kada ka ja ni. Ja gugan.”

Aka ja guga. Yashi ne cike, amma baƙi-baƙi, da nauyi. Baba ya damƙi cikin hannu ya matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa ya gangaro har gwiwar hannu. Ya zauna a ƙasa daɓas, yana riƙe da yashin. Daga ƙasa Baffa ya ce, “Ku yi haƙuri, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ɗanladi, a ina na tsaya da kakanka?”

Kafin la'asar ruwa ya taru har ana iya ɗiba da ƙoƙo. Gurɓatacce ne, aka bar shi ya kwanta, aka kai wa Ya Falmata na farko. Ta yi bisimilla ta sha, ta shafa ragowar a fuska da ƙafafunta. Ta ce, “Alhamdulillahi. Allah ka ba mutanen majigi irinsa, su ma su huta.” Baba da kansa ya mayar da kayan zaure cikin ɗaki. Ruwan sama bai sauka ba sai bayan wasu makonni, yunwa ma ba ta sake mu ba sai da gero ya nuna, amma ba gidan da ya tashi. Ya Falmata ta rasu bayan wasu shekaru a ɗakinta, aka binne ta kusa da mijinta.

Na sha ba ɗalibaina labarin addu'arta mu yi dariya tare, tsohuwar da ke tausayin masu rijiyar mai. To a shirin nan na talabijin, in dai na ji daidai, mai bayani ya ce birnin nan da mai ke ɓuɓɓuga a ƙasarsa ya daɗe yana fama da rashin ruwan sha, rijiyoyinsa gishiri-gishiri, sai daga nesa aka jawo masa ruwa da ƙyar. Na kashe talabijin. Ban san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke bakin ramin nan ba, su ma ba su san akwai wani ƙauye kusa da Toranke ba. Sun ba mu dabara ba da saninsu ba, tsohuwa kuma ta saka musu da addu'ar abin da ashe suna bukata.

Idan akwai wanda ya ga majigin nan a Gaya, ko iyayensa sun ba shi labari, ko wani daga zuriyar Ɗanladi da ke da wata riwaya daban, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Wataƙila ba Baku ba ce. Wataƙila na haɗa bazara biyu na mayar ɗaya, wataƙila kuma ba geza muka sa a mesar ba. Duk zan karɓa da godiya. Abu ɗaya ne kawai ba na neman gyara a kansa: bayan Kaka ni aka miƙa wa ƙoƙon, ruwan yana da ɗanɗanon ƙasa da ɗan warin fata, kuma har yau ban sha wanda ya fi shi sanyi ba.